Kayan zaƙin kan dutse a Tirol: wanne za a ci, wanne za a bari?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Abokan aikin maigida sun shirya hutun wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a Tirol, ƙasar Ostiriya, kusa da Insburuk, an ce kowa ya zo da iyalinsa. Ni dai na riga na faɗa musu ba mai ɗaura min katako a ƙafa. Aikina in hau motar igiya, in zauna a rumfunan abincin nan na kan dutse in jira su. Yara kuwa ba su da zance sai na kayan zaƙi, wai a makaranta an ce musu wanda bai ci Kaiserschmarrn ba bai je dutse ba. Waɗanda suka san wajen, don Allah me ake ci, kuma me ya kamata mu kiyaye?

Sani Graz:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yaran nan sun faɗi gaskiya. Kaiserschmarrn fanke ne mai kauri, amma ana kaɗa farin ƙwan daban har ya yi kumfa kafin a haɗa shi da fulawa da madara da gwaiduwar, shi ya sa yake tashi ya yi laushi. Ana soya shi da bota a babban kasko, in ya gasu a yayyaga shi da cokali biyu, a barbaɗa sukari a bar shi ya ɗan ƙone a jiki, sannan a rufe da garin sukari. A gefe ana kawo dafaffen ɗan itacen nan Zwetschke mai tsami-tsami, ko markaɗaɗɗiyar tuffa. Ana danganta shi da Sarki Franz Joseph, wanda ya mulki Ostiriya daga 1848 zuwa 1916, kuma kowace rumfa da nata labarin yadda aka fara yi masa. Abu ɗaya da zan ja kunnenki: kada ki sa a kawo wa kowane yaro faranti guda. A kasko ake kawo shi, ɗaya ya ishi mutum biyu. Su a can abincin rana ne sukutum, ba abin wanke baki bayan cin abinci ba.

Kawu Bala:
To ni abin da ban gane ba, mutum ya biya kuɗin mota, ya biya kuɗin hawa dutse, sanyi ya kusa cire masa kunne, duk don ya ci fanken da ya wargaje a kasko? Allah ya kyauta.

Sani Graz:
Kawu ai sanyin ne gishirinsa. In ka yi awa uku kana faɗuwa kana tashi a ƙanƙara, ko ruwan zafi aka ba ka sai ka sa albarka.

Anti Larai:
Maman Hanifa kada ki biye wa Sani. Kaiserschmarrn ko a tsakiyar Munik za ki samu, ko a gida za ki iya yi. Abin da ya cancanci a hau dutse dominsa shi ne Germknödel. Ki ɗauka alkubus ne babba, mai laushi kamar auduga, an kwaɓa da yis an turara, amma a cikinsa an ɓoye wani baƙin jam da suke kira Powidl. Shi wannan jam ɗin daga girkin mutanen Bohemiya ya shigo, ƙasar Cek ta yanzu. A al'ada ba a zuba masa sukari, Zwetschken da suka nuna sosai ake dafawa awa da awanni har su ƙafe su yi baƙi. Sai a kwarara narkakken bota a kai, a barbaɗa niƙaƙƙen mohn da sukari. Wasu wuraren da miyar banila suke kawowa maimakon bota. Mutanen Biyana da yawa na ganin wannan ɓata abu ne, ni kuwa da miyar na fi so, kuma yara ma ita za su zaɓa.

Sani Graz:
Anti, da yawa daga cikin Germknödel ɗin da ake sayarwa a manyan rumfunan da mutum ke ɗaukar tire da kansa daga firiza ake ciro su a ɗumama. Shi kuwa Kaiserschmarrn na kirki sai ka jira wajen minti ashirin, saboda sai ka yi oda ake fasa ƙwan.

Anti Larai:
Kai ma ka san ana sayar da naka a leda a daskare. In an kawo maka shi cikin minti uku, gutsattsarin duk girmansu ɗaya kamar an auna da ma'auni, to ba a wannan kicin aka haife shi ba. Maganar ita ce a nemi ƙaramar rumfa, irin wadda iyali ɗaya ke riƙe da ita.

Malam Habu:
Ku gafarce ni in tsoma baki, domin Hajiya ta yi tambaya biyu, kun amsa ta farko kun bar ta biyu. Zabibin da ake zubawa a Kaiserschmarrn, a mafi yawan girke-girken Ostiriya, a cikin giyar rum ake jiƙa shi. Haka na cikin Apfelstrudel, gasasshen naɗin fulawa mai tuffa a ciki. Powidl ɗin da Anti Larai ke yabo ma akwai masu ɗiga masa rum kafin su cusa shi a ƙullin. Dafaffen Zwetschke na gefen faranti wani lokaci da rum ko jan ruwan inabi ake haɗa shi. Su a wurinsu wannan kayan ƙamshi ne kamar kirfa, ba sa ma lissafa shi a giya, shi ya sa ba sa rubutawa. Akwai wata rum ta ƙasar, Stroh, da ake yi a Klagenfurt, mai ƙarfin cikinta kashi 80 cikin ɗari ce, kuma a kayan gashi aka fi amfani da ita.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Malam ai ka rusa min lissafi. Ba a rubutawa a takardar abincin?

Dakta Zainab:
Ba dole ba ne su rubuta, Yaya. Za ki ga wasu haruffa a gefen sunan kowane abinci. Tun Disambar 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa. A Ostiriya da harafi ake nuna su: A na alkama da danginta, C na ƙwai, E na gyaɗa, G na madara, H na su walnut da almon. Giya ba ta cikin sha huɗun nan, kitsen alade ma haka. Haruffan za su yi miki amfani in akwai yaron da gyaɗa ke tayar wa da ƙaiƙayi, amma a maganar da Malam ya kawo ba za su tsinana miki komai ba.

Bash Munik:
Ni fa ina ganin ana tsananta abin. Cokali biyu na rum a kasko mai zafi ai kafin a juya ya bi iska. Wa ya taɓa buguwa da fanke? Ga yaran Jamusawa nan 'yan shekara uku suna ci kullum.

Dakta Zainab:
Bash, maganar buguwa daban, maganar ya tafi gaba ɗaya daban. Ma'aikatar noma ta Amurka na da teburin da ke nuna yawan giyar da ke saura a abinci bayan girki. Abin da aka gasa na minti 15, wajen kashi 40 cikin ɗari na nan. Bayan awa ɗaya wajen kashi 25. Sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauka zuwa kashi 5. Wanda ake kunna wa wuta a kasko a gaban mutane, har kashi 75 ke saura. Kaiserschmarrn bai wuce 'yan mintuna a wuta ba, kuma zabibin ya riga ya tsotse abin a cikinsa. Ba wanda zai yi tangaɗi, na yarda. Amma cewa duk ya ƙone, ba haka ba ne.

Bash Munik:
To Anti Dakta, burodi ma ai yis na fitar da ɗan abin a ciki. Ayaba in ta nuna sosai ma haka. Sai mu daina ci?

Malam Habu:
Bashir, wanda ya tsiro da kansa a cikin ƙullu ba ɗaya yake da wanda mutum ya buɗe kwalba ya zuba da hannunsa ba. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Hajiya dai tambaya ta yi me za ta kiyaye, kuma na gaya mata. Tun da ana iya samun wanda ba a zuba ba, ban ga dalilin jayayya ba.

Bash Munik:
Na ji Malam. Ni dai tsorona kada mu mayar da hutu zaman kotu, mai kawo abinci na tsaye da mutum arba'in a layi muna yi masa tambayoyi.

Sani Graz:
Ba ya kai haka. Jimla biyu ce. Ki ce "ohne Rosinen", wato ban da zabibi, wannan kullum suna ji, domin Turawan ma da yawa ba sa son zabibi. Sannan ki tambaya "Ist da Rum drin?", ki nuna ƙullin, ki nuna abin gefen. In kika tambayi ko akwai giya kawai, mai kawo abincin zai iya cewa babu da zuciya ɗaya, don shi tunaninsa na kan abin kofi. Ki ambaci rum da sunanta. Kuma ki zaɓi markaɗaɗɗiyar tuffa a gefe, Apfelmus, ita galibi tuffa ce da sukari da kirfa. A nan ne ma ƙaramar rumfa ta fi: wanda ya kwaɓa yana bayan ƙofa, za a leƙa a tambaye shi. A babbar rumfa yaron da ke ɗumamawa bai san abin da ke ciki ba, sai dai in ya yarda ya duba kwalin.

Rifkatu Zurik:
Ni ba ruwana da matsalar rum ɗin a addinance, amma ina da yara, kuma ina goyon bayan a tambaya. Abin sha ya fi abin ci haɗari ma. Jagertee sunansa shayi, amma rum ce cike a ciki. Glühwein dafaffen ruwan inabi ne. Akwai cakuleti mai zafi da suke kira Lumumba, shi ma da rum. In kun tsallaka mashigar dutsen Brenner zuwa ɓangaren Italiya za ku ga kowa riƙe da ɗan kofi rawaya da kirim a sama, Bombardino, yara za su ce su ma a saya musu, giyar ƙwai ce da barandi. Abin da za ki ba su: Kinderpunsch, ruwan 'ya'yan itace mai zafi marar giya, ko cakuleti mai zafi zalla, ko Skiwasser, wanda ruwa ne da zaƙin jan ɗan itacen nan Himbeere da lemon tsami. Akwai kuma Almdudler, lemon ganyayyaki na Ostiriya da ake yi tun 1957.

Kawu Bala:
Lumumba kuma? Na Kwango? Mutumin da suka kashe shi ne suka sa wa abin maye sunansa?

Rifkatu Zurik:
Shi fa, Kawu. Akwai masu ƙorafi a kai a Jamus, wasu kasuwannin Kirsimeti sun fara sauya sunan. Wannan muhawarar wata rana ce.

Anti Larai:
Akwai wani da ba a ambata ba, Kiachl, na gargajiyar Tirol ne. Ƙullun yis ne ake miƙar da shi tsakiya ta yi siriri gefe ya yi kauri, a tsoma a mai. A ramin tsakiyar ake zuba jam na Preiselbeere, wasu jajayen 'ya'yan itace ƙanana masu tsami da ke fitowa a kan duwatsun. Wasu kuma da kabeji mai tsami suke cin sa, ni wannan ban iya ba. Tambayarsa ita ce man suyar. In sun ce Butterschmalz, soyayyen man shanu ne, ki ci abinki. In sun ce Schweineschmalz, kitsen alade ne. Ƙarshen sunayen iri ɗaya ne, ki saurari farkon.

Maman Hanifa:
Ina rubutawa wallahi. To shi mohn ɗin nan na kan Germknödel mene ne? Na ga hoto, baƙi ƙirin kamar an barbaɗa ƙasa.

Dakta Zainab:
Irin furen da ake samun ofiyom daga jikinsa ne. Shi irin ba ya bugarwa, abinci ne na yau da gobe a Ostiriya, akwai ma yankin Waldviertel da ya shahara da nomansa. Abu biyu ne kawai. Na farko, wanda ya ci da yawa zai iya nunawa a gwajin fitsari na ƙwaya na ɗan lokaci, don haka in aikin maigida irin wanda ake yin gwajin ne, ya sani. Na biyu, kada ki saya ki zuba a akwati a matsayin tsaraba in za ki bi ta Dubai ko za ki Umara. Daular Larabawa da Saudiyya sun hana shiga da shi, kuma ba sa wasa da abin.

Ɗan Damagaram:
Kun cika mu da Jamusanci. Mu nan ɓangaren Faransa, daga Girenobul zuwa Shamoni inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, abin da ke mulki shi ne tarte aux myrtilles. Ɓawon fulawa da bota ne siriri, an cika shi da ƙananan 'ya'yan itace shuɗi-baƙi na daji, zaƙin kaɗan ne, tsamin ya fi. In ka gama harshenka da haƙoranka sun rine. Akwai kuma gâteau de Savoie, kek marar nauyi da ba a sa masa bota, ƙwai ne da sukari da fulawa da sitaci. Shi wannan ko tambaya ba sai ka yi ba sosai. Abin gudu a nan shi ne Génépi, giyar ganye, wanda sukan kawo kyauta bayan cin abinci, da cakuletin da suke kira Green Chaud, wanda ake zuba wa giyar Chartreuse.

Rifkatu Zurik:
Tun da kowa na tallar nasa: Nusstorte na Engadin, yankin da Sen Moriz yake. Walnut ne da narkakken sukari da kirim, an rufe su ruf a cikin ɓawo mai kauri. Abin mamakin, kwarin ya yi sanyi da yawa, bishiyar walnut ba ta yi a can, shigo da shi ake yi. Mutanen Graubünden sun daɗe suna fita ci-rani a matsayin masu yin kayan zaƙi, Benis da sauran biranen Turai, da sana'ar suka dawo gida. Amfaninsa gare ki Maman Hanifa, ba ya lalacewa da wuri, ba ya narkewa, yanka ɗaya a aljihun rigar sanyin yaro ya riƙe shi har la'asar. Wanda za ki bari in kin gan shi a kanti shi ne Zuger Kirschtorte, a jiƙe yake sharkaf da giyar ceri.

Ummi Erzurum:
Ina ta karantawa ina dariya. Anti ku zo Turkiyya ku huta da tambaya. Dutsen Palandöken a bayan gari yake, a nan aka yi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. In kin sauko sai kadayıf dolması: zaren fulawa siriri an naɗe walnut a ciki, a tsoma a ƙwai a soya, a jefa a ruwan sukari. Da shayi ake ci, kuma mutanen Erzurum ba sa zuba sukari a shayi, gutsuren sukari mai tauri suke sa wa a baki su riƙa kurɓa. A Uludağ kusa da Bursa kuma kestane şekeri ne, wato 'ya'yan chestnut da aka dafa a ruwan sukari, da salep, abin sha na madara mai zafi da kirfa a sama. Ga masallaci ko'ina.

Bash Munik:
Ummi, tikitin ne za ki biya musu? Mutane sun riga sun kama ɗaki a Tirol.

Ummi Erzurum:
Na baɗi nake yi wa kamfe, Yaya Bash.

Dakta Zainab:
Bari in sa hular aiki sau ɗaya. Wanda ya wuni yana zamiya a sanyi ya ƙona abin da zai ci. Wadda ta hau motar igiya ta zauna kusa da murhu ba ta ƙona komai ba. Yaya, na san kin taɓa cewa ana duba miki sukari. Ki ɗanɗana daga farantin yara, ki sha miya mai zafi tukuna. Kuma ku sha ruwa sosai, iskar sama busasshiya ce, sanyi kuma na ɓoye ƙishirwa.

Maman Hanifa:
Dakta kin tona min asiri a gaban jama'a. Na ji, zan yi. To ga abin da na tsayar: ranar farko Kaiserschmarrn kasko ɗaya ban da zabibi, da tuffa a gefe. Rana ta biyu Germknödel in an tabbatar min da jam ɗin. Kiachl in man shanu ne. Apfelstrudel fa, in haƙura ke nan?

Malam Habu:
Shi zabibinsa a ciki yake tun kafin a naɗe, ba a cirewa. Ki tambaya, akwai masu yi ba rum. In ba ki gamsu ba akwai Topfenstrudel na cuku mai laushi, amma shi ma ki duba, wasu na zuba masa zabibin.

Sani Graz:
In duk an rasa, ki yi naki a masauki in akwai kicin. Ƙwai 4, madara kofi ɗaya, fulawa wajen giram 150, sukari cokali biyu, ɗan gishiri. Zabibin ki jiƙa a ruwan tuffa mai ɗumi. Kada ki cika wuta, kuma ki rufe kaskon har sama ta fara kamawa kafin ki juya. Ko ya karye wajen juyawa ba komai, dama yayyaga shi za a yi.

Kawu Bala:
Kun ga dai mun dawo maganata. A gida ma ana yi.

Anti Larai:
Kawu ka bari su je su ga dutse. Maman Hanifa, ki shiga rumfa tun sha ɗaya da rabi, domin da an sallami yara daga darasin zamiya da tsakar rana ba za ki samu kujera ba. Ki riƙe tsabar kuɗi, wasu ƙananan rumfunan ba sa karɓar kati. Ki kuma duba lokacin motar igiya ta ƙarshe, da yawa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma suke tsayawa, ke kuma ba ki da katakon da za ki sauko da shi.

Sani Graz:
Kuma ki dawo ki gaya mana wanne yaran suka fi so. Na sa kasko ɗaya a kan nawa.

Anti Larai:
Ka tanadi kuɗin. Da miyar banila za a kawo musu nawa.